PS4 ɗina ta ƙone, in sayi PS5 ne ko in haɗa kwamfuta?

Ɗan_Agege:

Salam 'yan uwa, dan Allah masana ku taimaka min da shawara. Ni a Agege nake zaune, sana'ata zanen fosta da katin biki a laftof, in na tashi aiki da dare kuma sai mu ɗan buga bal a gem da yaran layinmu kafin barci. PS4 Slim ce gare ni, ta hannu na saya tun 2019 kuma wlh ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba in banda ƙarar fanka, wani lokacin sai ka ce jirgi ne zai tashi daga Ikeja. To ranar Asabar ana tsaka da ruwan sama aka ɗauke wuta aka dawo da ita har sau uku cikin ɗan lokaci, ni kuma ban cire soket ba saboda muna minti na 80 ina cin abokina ɗaya da nema, a na ukun kawai na ji tau, sai wari. Tun daga nan ko fitilarta ba ta kawowa. Tibi dai Allah ya tsare.

Akwai 'yan kuɗin da na jima ina tarawa. Zuciyata na kan PS5, amma kuma laftof ɗin aikin nawa ita ma ta tsufa, Core i5 ce mai RAM 8, in na buɗe CorelDraw da Photoshop tare sai ta riƙa numfashi sama-sama. Wani abokina ya ce in manta da PS5 in haɗa babbar kwamfuta ta tebur in riƙa aiki da gem duka a kanta. Wanne ya fi? Kuma ita PS4 ɗin tana gyaruwa ko in haƙura?

Mai_Dalma:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni gyara nake yi a Computer Village, kasuwar kwamfuta da waya ta Ikeja, shekara da shekaru, kuma irin taka kusan duk damina sai an kawo mana su. Kar ka yar da ita. Yadda ka bayyana, ƙara sannan wari sannan shiru, yawanci akwatin wutar da ke cikinta ne ya tafi, wanda muke ce wa pawa fak, shi ke karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da injin ke amfani da ita. Shi kaɗai ake cirewa a sa wani. In ka yi sa'a ma fiyus ne kawai da wani ɗan abu ɗaya ko biyu a gefensa. Wanda za ka kai wa ka tsaya a kansa ya buɗe a gabanka, ya gwada da wani pawa fak ɗin ka ga ta kawo kafin ku yi maganar kuɗi, kuma ka duba lambar da ke jikinta ta baya don na Slim daban, na Pro daban, na babbar farko ta 2013 ma daban. Tunda an riga an buɗe a share ƙurar fanka a canza man nan da ake shafa wa firosesa, ƙarar jirgin za ta ragu sosai. Kar ka yi mamaki in an tarar da kyankyasai a ciki, suna son ɗumin wurin, na sha zazzage su.

Amma ni abin da ya fi damuna a maganarka ba PS5 ko kwamfuta ba ne. Kai tsaye fa ka jona ta a bango. Duk wacce ka saya a cikin biyun in ka sake jona ta haka, soket ɗin da ya ci wannan shi zai ci ta, kuma wannan karon kukan zai fi yawa. Lokacin da ake dawo da wuta shi ne mafi haɗari, musamman in ana ruwa ko waya ta saki a taransifoma, wutar da ya kamata ta zo bolt 230 sai ta zo fiye da haka nesa ba kusa ba. Mafi araha shi ne ɗan gadin nan da ake sa wa firij, wanda in wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa yake yankewa, in an dawo da ita kuma ya jira 'yan mintuna kafin ya saki. Sitabilaiza tana gyara lo karan amma ba ta riƙe maka wuta in an ɗauke. UPS ita ke ba ka minti kaɗan ka kashe na'ura da hannunka, sai dai ka lura, ƙaramar nan mai 650VA wat 360 zuwa 390 take ɗauka, batirin cikinta kuma ɗan ƙarami ne, PS5 tana cin wajen wat 200 in ana babban gem, ka ɗora tibi a kai ka ga ka kusa kai ta bango. Ka nemi wacce ta fi haka.

Sai janareta. Ƙaramin nan na shaguna da ake sa wa mai haɗe da baƙin mai, ka haska ɗaki da shi ka kunna fanka, amma ni ban yarda a ɗora masa na'ura mai tsada ba, wutarsa hawa da sauka take yi, ballantana lokacin da mai ya kusa ƙarewa ya fara tari.

Sarkin_Fad_Idi_Araba:

Hhhh minti na 80 kana ci ɗaya da nema, wlh ko ni ne ba zan cire ba. Allah ya mayar da alheri mutumina.

Ni PS5 nake amfani da ita kuma ba na nadama, gudun buɗe gem kaɗai ya isa, sannan kusan duk fayafayan PS4 ɗinka za su yi a kanta in ka sayi mai cin faifai. Kar ka kuskura ka sayi dijital, wato wadda ba ta cin faifai, don ta fi araha. Anan Legas faifai kuɗi ne, ka gama gem ka kai Ikeja ko Alaba ka yi musaya ka cika ɗan abu, dijital kuwa komai sai ka sauke, gem ɗaya ya haura gig 50 wani ma ya wuce 100, ga sabuntawa kowane lokaci, datar wata guda sai ta tafi a dare ɗaya. Kuma ta farkon da aka rubuta 825GB abin da za ka samu a hannu bai kai 700 ba. Wani abu kuma, fad ɗin PS4, abin riƙewa a hannu a buga gem, ba ya buga gem ɗin PS5, sai na PS4 kaɗai, to in da yaran layi kuke bugawa ka sa kuɗin fad na biyu a lissafi.

Maman_Hanifa:

Ni dai a matsayina na wadda ita ma da kwamfuta take cin abinci, zan ce maka ɗan'uwa ka fara duba abin da ke kawo maka kuɗi. PS5 ba za ta zana maka katin biki ba. Kuma shawarar abokinka ta kwamfutar tebur tana da kyau a baki, amma ita fa ba ta da batir, an ɗauke wuta kana tsakiyar aikin kwastoma shi ke nan, ga katin hoto mai kyau shi kaɗai zai iya cinye rabin abin da ka tara, kuma cin wutarta ya fi na PS5 in ta gem ce sosai. Laftof batirinta shi ne UPS ɗinta.

Kafin ka ce ta tsufa ma, ka duba ko har yanzu tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayil) mai juyawa ne a cikinta. Tawa haka take ja kamar kunkuru, aka sa min SSD, sabon irin hadis mai sauri, aka ƙara RAM ya koma 16, sai ka rantse sabuwa ce. Yawancin irin waɗannan suna da gurbin RAM biyu, a buɗe a gani.

Mu a gida inbata muka sa da batir ɗaya mai 200Ah. Lissafinsa ba wuya, bolt 12 sau 200 ya ba ka wat 2400 na awa ɗaya, amma irin batirin nan mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, kenan wajen 1200 ke gare ka. Laftof da fanka da fitila za su kai ka dare lafiya. Ranar da maigida ya ɗora gem da tibi kuwa, wajen wat 300, awa huɗu ma da ƙyar, kuma a nan ake faɗa. In za ka sayi inbata ka ce mai tsabtatacciyar wuta kake so, fiyo sain, ɗaya irin mai arahar yana sa kaya gurnani da zafi.

Ɗan_Agege:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Mai_Dalma wlh ka taɓa ni inda yake min ciwo, shekara da shekaru a bango take, ko a raina ban taɓa kawo gadi ba. Hajiya kin yi gaskiya, yanzu na duba, tsohon hadis ne a ciki 500GB. Tambaya ɗaya, mu layinmu an ce Band A muke, rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, tun da aka ƙara kuɗi a Afrilun 2024 mita ke shan kati kamar ruwa, in na sayi PS5 ɗin nan gaba ba za ta ƙarasa ni ba?

Mai_Dalma:

A'a ƙanena, ba ita ce za ta ƙarasa ka ba. Da ita da tibi wat 300, ka buga awa uku bai cika yunit ɗaya ba, yunit ɗin kuma a Band A ₦225 aka fara sa shi a lokacin, daga baya ya ɗan sauko ɗari biyu da 'yan kai. Dutsen guga da hita da abin dafa ruwa su ne ɓarayin katinka. Ka kwatanta da awa uku a janareta tun bayan cire tallafin mai a 2023 ka gani.

Ka kawo PS4 ɗin da laftof ɗin gaba ɗaya, ka shigo da safe kafin kasuwa ta cika, daga Agege ai ba nisa. Ka kwafe ayyukan kwastomominka a filas tukuna kafin kowa ya taɓa hadis ɗin. Kuma ka taho da wayar wutar PS4 ɗin, ita ma ina so a gwada ta.

Sarkin_Fad_Idi_Araba:

In ta tashi ka sanar da mu, kuma abokin naka kar ya ce an fasa wancan wasan, ɗaya da nema tana nan, saura minti 10.