Idan awo ya nuna mai ƙiba yana ƙona kalori kaɗan, me kuke fara dubawa?

Bello: Tambayata ga masu awon kuzarin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Sakamako yakan fito, na mai ƙiba ya yi ƙasa da na siriri, nan take a ce jikinsa ne ke jinkirin ƙona abinci. Kafin ku amince da haka, ina kuke fara leƙawa?

Rabi: Malam Bello, lissafin nake fara dubawa, domin a nan aka fi yin tuntuɓe. Kuskuren shi ne a raba kalori da nauyin jiki gaba ɗaya, kamar kowane kilo aikinsa ɗaya ne. Kilo ɗaya na kitse yana ƙona kalori kusan 4.5 a yini, na tsoka kusan 13, na hanta 200, na ƙwaƙwalwa 240, na zuciya da ƙoda kuwa 440. A ƙaddara mai kilo 70 ya ƙona 1,600, mai kilo 110 ya ƙona 2,000. Na biyun ne ya fi ƙonawa, amma da an raba sai na farko ya samu 23 a kilo, shi kuma 18. A auna nauyin da ba kitse ba da DEXA, wato na'urar hoton jiki mai bambance kitse da tsoka da ƙashi, a sa shi cikin ANCOVA, wato lissafin ƙididdiga da ke cire tasirin bambancin wannan nauyi, galibi tazarar takan ragu ƙwarai ko ta ɓace.

Usman: Ni kuwa na'urar awon numfashi da shirin mutum nake fara dubawa. Ya kwana bai ci komai ba, awa 10 zuwa 12, babu kofi, babu taba, babu motsa jiki mai tsanani a jajibiri. Ya kwanta minti 20 zuwa 30 kafin a kifa masa murfin da ke tara numfashinsa, a zubar da minti biyar na farko. Kada ya yi barci, barci yana sauko da adadin. Murfi ko takunkumin da ke yoyon iska shi ma ƙasa yake jan sakamako. A dubi RQ, wato iskar kabon dayoksaid da mutum ya fitar a raba da oksijin da ya yi amfani da shi: na ƙona kitse 0.7 ne, na sitaci 1.0. Idan ya faɗi ƙasa da 0.67, na'urar za a tuhuma tukuna. A ƙona etanol a gwada ta, ya kamata ta ba da 0.667.

Zainab: Idan a kan ɓerayen gwaji ake awon, akwai ƙarin matsalar sanyi. Ana ajiye su a ɗaki mai digiri 20 zuwa 22, alhali sai kusan 30 ɓera ke daina kashe kuzari wajen ɗumama jikinsa. Kenan wani kaso babba na abin da ake gani yaƙi ne da sanyi. Ɓeran da aka raba da 'yan uwansa aka sa shi kaɗai a akwatin awo kuma a tsorace yake, cinsa da motsinsa duk sun canza. Bayanan yinin farko ba abin dogaro ba ne, a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya saba.

Bello: To, wanda ya rantse abinci kaɗan yake ci amma ba ya raguwa fa?

Rabi: Nan wani ruwa na musamman mai ɗauke da ditiriyam da oksijin-18, wato nau'ikan haidrojin da oksijin masu nauyi da ake iya bin sawunsu a jiki, yake amfani. Mutum ya sha, a riƙa karɓar fitsarinsa na mako ɗaya zuwa biyu, a lissafa abin da ya ƙona yana harkokinsa. Wani mai bincike, Lichtman, da abokan aikinsa sun yi haka a 1992 ga masu irin wannan koke: ƙonawarsu daidai take, abincin da suka rubuta ne ya gaza na gaskiya da kashi 47 cikin ɗari. Ba na kiran wannan ƙarya, mantuwa da kuskuren ƙiyasi ne, kuma kowa yana yi.

Usman: Amma Dakta Rabi, kada mu share raguwar ƙonawa ta gaskiya. A tambayi mutum ko ya taɓa zubar da ƙiba mai yawa. Tawagar mai bincike Kevin Hall ta bi mutum 14 na wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, ta wallafa a 2016 cewa bayan shekara shida suna ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da jikinsu ya kamata ya ƙona a yini. Irin wannan mutum, ko na'ura lafiya take, lissafi kuma daidai, adadinsa zai fito ƙasa.