"Daminar da za ta yi albarka tun daga bazara ake gane ta": haka ne kuwa?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, ruwa ya ɗauke a Zariya, agazari ya shigo, rana na dukan ƙeya, da asuba kuma raɓa ta jiƙa ciyawa sharkaf. Wannan karin magana gaskiya ce a gona, ko dai an yi ta ne don tarbiyya kawai?

Malama Kongo: Ƙanwar "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta" ce. Yawanci kan yaro mai natsuwa ko sana'ar da ta fara da kyau ake faɗinta. Ba hasashen ruwan sama ake nufi ba.

Manomin Giwa: Malama, da izininki, a gona ma tana da gurbi, amma rabi. A nan ruwa kan kankama a watan Mayu ko farkon Yuni, ya yi marka a Agusta, ya janye a Oktoba. Farkon na nuna maka ko shuka za ta tsaya. Ƙarshen ne ke cika rumbu. Dawa irin su kaura da farafara suna fitar da kai ne dab da ɗaukewar ruwa, sauran aikin danshin ƙasa da raɓa ke yi har Nuwamba. In ruwa ya yanke tun tsakiyar Satumba, zangarniya ta fito ba nauyi, duk kyan bazarar ya tashi a banza.

Baba Samaru: Ka manta ɗaya gefen, ɗana. Ruwan da ya zarce ma ɓarna ne. Waken da ya bushe a gona, ruwa ya dake shi, sai ya yi baƙi ko ya tsiro cikin kwanso. Masara kuma ta yi funfuna, wadda ke kawo gubar da ke lalata hanta. Don haka kada a zuba ta a buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Gwajin mai sauƙi ne: busasshen gishiri da ƙwayar masara a kwalba busasshiya, a rufe, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da ita shanya, kan tamfol, ba kan ƙasa tsirara ba. Wake kuwa a zuba shi a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ninki uku da ke hana iska shiga, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.

Malama Kongo: Ke nan, Baba, wadda ta dace da kaka ita ce "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare"?

Baba Samaru: Ta fi kusa. Amma ita kan juriyar mutum take magana, ba yanayi ba.

Manomin Giwa: Ni dai zan bar ta farkon a bakin dattawa lokacin shuka, tana ƙarfafa gwiwa. Wanda bai gama shanya ba ya jira iskar hunturu ta fara kaɗawa, tana busar da hatsi da sauri, sai dai ya tsince wake da wuri kafin kwanso ya fara fashewa.