Ajiye Yamaha Blaster tsawon damina a Garwa ta Kamaru: tanki cike ko fanko?

Salamu alaikum, kanikawa. Blaster 200 ce, wato babur mai ƙafa huɗu, injinta na ƙona fetur haɗe da mai, 32:1 (fetur kashi 32, mai kashi 1), don an cire famfon mai. Zan ajiye ta daga Yuni zuwa Oktoba.

Bara na bar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, a ciki. Fetur ya ƙafe, ya bar danƙo kore a kwanon kafireta, ƙaramin jet (ɗan ramin da fetur ke bi) ya toshe, sai da cok take tashi. Bariya kuwa na tsiyaye tas, ban zuba mai ta ramin buji (fulogi) ba. Danshi ya shiga ta salansa, kik ya ƙi motsi, zoben fistin ya yi tsatsa.

Bana zan zuba mai cokali ɗaya a silinda, in toshe salansa. Tankin fa, in cika shi in zubar da na kafireta kawai, ko in bar shi fanko?