Daren da aka rasa jini: abin da muka gani da idonmu

Ma'aikaciyar jinya, Gusau: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka fara maganar jirage marasa matuƙa masu kai jini asibitocin karkara nake son jin ta bakin waɗanda suka taɓa tsayawa a kan mai jego jini yana zuba, babu ledar jini ko ɗaya a kusa. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Ungozoma, yankin Anka: Wa alaikumus salam. Da damina aka kawo mini wata baiwar Allah bayan sallar isha'i, haihuwarta ta bakwai ke nan, ta sauka lafiya, amma mahaifa ta ƙi tsukewa. Na yi mata allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, na yi ta murza mata mara, duk da haka zani uku suka jiƙe sharkaf, leɓɓanta suka yi fari. Ƙannen mijin biyu sun yarda su ba da jini, sai dai a wurinmu ba a ɗiba, dole sai an je babban asibiti, kuma babu mai babur ɗin da zai bi wannan hanyar da dare saboda 'yan bindiga. Muka zauna jiran asuba, ita kuwa ba ta kai ba. Allah ya jiƙanta.

Jami'in ɗakin gwaje-gwaje, Talata Mafara: Amin, Hajiya. Ni na yi aiki a jihar Kaduna, inda kamfanin Zipline mai irin waɗannan jirage ya buɗe tasharsa a Pambegua a 2022, shekara shida bayan ya soma wannan aiki a Ruwanda. Saƙo ake turawa ta waya, su ɗora kayan su harba jirgin, wanda ke gudun kusan kilomita 100 a awa, yana kuma kaiwa nisan kilomita 80. Ba ya sauka ko kaɗan, yana zuwa saitin asibitin sai ya saki ɗan jan kwali mai lema ya juya abinsa. Ranar farko har ni babba na saki baki ina kallo tare da yara. Amma a ganina hanya kaɗai jirgin ya gajarta mana. Idan babu wanda zai gwada rukunin jinin mai jegon, babu wanda ya iya ɗaura shi, babu firjin da zai riƙe ragowar tsakanin digiri 2 zuwa 6, to kwalin ya faɗo a banza.

Direban motar asibiti, Ƙauran Namoda: Malam ya faɗi gaskiya, kuma jinin ma sai wani ya miƙa hannu aka ɗiba, ni kaina sau huɗu ina kwantawa a ɗebi nawa bayan na kai mara lafiya an rasa mai bayarwa. Sannan kada mu manta a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. A ƙauyukan da nake shiga, da zarar an ji ƙugi a sama mata suke kwashe yara su shige ɗaki, saboda haka sai an zauna da jami'an tsaro da hakimai da limamai kafin jirgin farko ya tashi.

Ungozoma, yankin Anka: Ɗaura jini na iya, Malam, kuma muna da firji mai amfani da hasken rana na alluran rigakafi. Abin da nake tambaya shi ne, jirgin yana tashi da dare kuwa?