Abin Da Masu Gyara Suka Ce Game Da Babur Mai Wuyar Tashi

A wata tattaunawa da masu gyaran babura da 'yan kabu-kabu suka yi a Gusau, an fi daɗewa a kan babur mai kabireta (na'urar da ke haɗa fetur da iska) da ke wahalar tashi da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu. Akasarinsu sun ce a fara da filogi. A kwance shi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi da ƙarfen inji sannan a buga kik. Idan tartsatsin shuɗi ne mai ƙarfi, wuta lafiya take. Bakin filogin ma yana ba da labari, domin idan ya yi baƙi da kunkunniya fetur ya rinjayi iska, wanda sau da yawa ƙurar da ta toshe matatar iska ce ke jawo shi, idan kuwa ya bushe ƙamas bayan an yi ta bugawa, to man ba ya isowa.

Daga nan sai kabireta. Wani dattijo daga cikinsu ya nanata cewa fetur ɗin 'yan bumburutu kan zo da ruwa da datti, su kwanta a gindinta, saboda haka a sassauta noti na ƙasa a tsiyaye, a kuma busa ƙaramin jet, wato ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kabireta, da iska. Kada a tsokale shi da waya, domin ramin zai ƙara faɗi. A ganina wannan ce shawarar da aka fi sakaci da ita.

Game da cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kabireta, a ja shi idan inji ya yi sanyi kawai. Idan kik ya yi laushi a ƙafa, sai a duba bawul da ring, domin su ne ke riƙe matsin iska a cikin inji.