Jama'a a taimaka: me za mu kira cryptic crossword da Hausa?

Uwar Biyu: Salam. Gobe da safe zan naɗi wani shiri a rediyo kan wasan nan na jaridun Ingila na cike akwatuna da haruffan amsa, cryptic crossword, na rasa sunan da zan ba shi. Ba irin wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a New York a 1913 ba, nasa tambaya ce kai tsaye ka cike akwati. Na Ingila kowace tambaya kashi biyu ce, ɗaya ma'anar kalmar, ɗaya kuma dabarar da aka ɓoye ta, sai lamba a ƙarshe mai nuna yawan haruffa. Jaridar The Times tun 1930 suke buga nasu. Ina jiran ku don Allah.

Ɗan Fagge: Wasa ƙwaƙwalwa mana, Hajiya. An gama.

Uwar Biyu: Ai dara ma wasa ƙwaƙwalwa ce, ya yi faɗi da yawa.

Malam Na Gusau: Kacici-kacicin cike gurbi. Ko ki ƙara mai harshen damo, tunda jimlar tana nuna maka gabas amsar tana yamma. Ga misali na ƙirƙira yanzu: Rami ya birkice, kunci ya sha (4). Birkice shi ke gaya maka ka hautsina haruffan rami, sai ka samu MARI. Ko: Birni ko abin tuwo (4), wato GARI.

Uwar Biyu: Kai Malam, Allah ya ƙara basira, wannan na rami zan sace shi wallahi.

Sarkin Nahawu: Na gari ɗin bai yi ba. Garin zama da garin tuwo ba furuci ɗaya ba ne, rubutun boko ne kawai ya haɗa su don ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali. Ni dai tun bara na ƙirƙiro kalma, SARƘALMA, sarƙa da kalma, gajeriya tsaf, amma mutanenmu sai abin da Bature ya faɗa suke girmamawa.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe sarƙalma kamar sunan maganin basir 😂

Sarkin Nahawu: To ku Kanawa da kuka ɗauka Hausa gadon gidanku ce kawo naku mu gani.

Ɗan Damagaram: Mu nan sunan Faransanci, mots croisés, muka taso muna ji, kuma ba wanda ya mutu. Amma me ya sa ba wanda ya ambaci zaurance, ai shi ma ɓoye magana ne cikin magana.

Malam Na Gusau: Zaurance ƙa'ida ɗaya ce, in ka gano ta shikenan ka buɗe komai, wannan kuwa kowace tambaya da tarkonta. Abin da ya fi damuna ma sh da ts, akwati ɗaya za su ci ko biyu? Tsamiya haruffa shida ne ko bakwai?

Sarkin Nahawu: Shida! Ts harafi ɗaya ne, ko ɗan aji uku ya sani.

Uwar Biyu: Jama'a dare ya yi. Zan ce kacici-kacicin akwati mai harshen damo a farko, daga nan in riƙa cewa kacici-kacicin akwati kawai.

Sarkin Nahawu: Ya yi tsawo kamar layin mai, amma je ki da shi. Ki dai ambaci sarƙalma ko sau ɗaya, a ji yadda masu sauraro za su karɓe ta.

Uwar Biyu: In lokaci ya ragu, Malam.