Wane suna za mu ba hoton MRI na ciwon dajin ƙarshen hanji?

Mai fassara: Assalamu alaikum. An ba ni fassarar takardar bayani da ake miƙa wa masu ciwon dajin ƙarshen hanji kafin a fara musu magani, kuma ranar Alhamis za a kai ta ɗab'i. Inda na cije shi ne sunan hoton da likitoci ke kira MRI. Idan na rubuta "sikanin", za a ɗauka irin na masu juna biyu ne, idan kuma na ce "hoto" kawai, hankalin kowa kan eksire zai tafi. Ina neman sunan da za a karanta wa dattijo ya gane.

Likita: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki sa "hoton maganaɗisu", domin shi ne ginshiƙin na'urar. Maganaɗisu ne mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), yana jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki, a buge su da igiyar rediyo, sannan kwamfuta ta haɗa hoto daga abin da suka mayar. Kada takardar ta nuna kamar da shi ake gano cutar, wannan aikin gwajin tsokar da aka gutsuro ne. Hoton yana nuna zurfin da ƙarin ya yi a bangon hanji, da kaluluwar da ta kamu, da kusancinsa da tsokar da ke riƙe bayan gida. Mafi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarin da tantanin da ya lulluɓe kitsen da ke kewaye da hanjin, saboda ta jikin tantanin nan likitan tiyata ke bi. Idan tazarar ba ta wuce milimita 1 ba, galibi sai an fara da gashi, wato ƙona ƙarin da haske na musamman, da magunguna domin ƙarin ya motse kafin a yi aiki.

Malamin Hausa: Likita, tun kafin mu ari "maganaɗisu" daga Larabci muna da "mayen ƙarfe", kuma fassararka ta haɗiye kalma guda daga cikin ukun da haruffan MRI ke wakilta. Abin da ƙwayoyin nan ke mayarwa ai amsa-kuwwa ce. Cikakken sunan shi ne "hoton amsa-kuwwar mayen ƙarfe", kuma na daɗe ina koyar da ɗalibaina da shi. Abin takaici ne yadda masu ilimin zamani ke jin kunyar kalmar gida, sai sun ji ƙamshin aro a jikinta suke ganin ta isa shiga takarda.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya gafarta Malam, ni ce ke kwantar da masu jinyar nan. Mutum ne da aka shaida masa yana da ciwon daji, an sa ya cire zobe da agogo, an tambaye shi ko akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa, an toshe masa kunne, za a tura shi cikin ƙuntataccen kogo ya yi wajen rabin awa bai motsa ba, na'ura tana ta bugu a kansa. A wannan hali ne zan ce masa maye ne zai duba cikinsa? Wallahi wasu ba za su dawo ba.

Likita: Sista ta taɓo inda yake. Su kansu masu abin sun yi irin wannan gyara. Sunan farko yana ɗauke da kalmar nukiliya, aka cire ta saboda tana firgita marasa lafiya, alhali na'urar ba ta fitar da haske mai illa irin na eksire. Da taƙaitaccen sunan aka ba masanan da suka share fagen hoton, Paul Lauterbur da Peter Mansfield, kyautar Nobel a 2003. Amma na yarda da Malam a kan amsa-kuwwa, domin masana ma haka suke kiran saƙon da ake kamawa.

Malamin Hausa: To me ya hana a sa ta? Su sun rage sunansu don kansu, mu kuwa muna ragewa ne don mun raina namu. In tsoro ne, ai "daji" ma abin tsoro ne, ga "sankara" an yi watsi da ita.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, "likita" da "asibiti" duk aro ne, ban ji an yi ƙarar su ba.

Malamin Hausa: Waɗannan sun shigo ne lokacin da ba mu da madadinsu, 'yata.

Mai fassara: Don Allah a dawo kan takardar. Zan iya rubuta "dubura" a maimakon "ƙarshen hanji"? Ta fi gajarta.

Likita: A'a, Hajiya. A bakin jama'a dubura ita ce mafitar kanta, kuma ciwon dajinta cuta ce dabam da akasari ake magancewa da gashi da magunguna ba tare da an fara da tiyata ba. Namu yana sama da ita, a sashen da tsawonsa ya kai santimita 12 zuwa 15.

Mai fassara: Na gode. Zan rubuta "hoton maganaɗisu, wato MRI", tunda haruffan ne za su gani a takardar likita, kuma amsa-kuwwar Malam za ta shiga jimlar da ke bayanin yadda na'urar ke aiki. Tantanin nan dai zan bar shi da doguwar siffarsa, tunda babu wanda ya kawo masa suna.

Malamin Hausa: Ki kai musu haka tunda lokaci ya ƙure, amma ban sa hannu ba. A ajina "mayen ƙarfe" za a ci gaba da rubutawa.